Ranar da Injin Baban Bitrus Ya Ga Ruwa

Tun da na dawo daga Kamaru ba a bar ni na sha ruwa ba. A Zumuntar Mata tambaya, a bakin famfo tambaya, har mai kayan miya a kasuwar Sabo sai da ta riƙe mini hannu ta ce, "Maman Bitrus, wai da gaske kin shiga jirgin ruwa?" Na gaji da ba da labari guntu-guntu. To ga shi nan gaba ɗaya, kowa ya ji, a bar ni in huta.

Duk wanda ya zauna layinmu a Kamazo ya san injin nan, ko bai gan shi ba ya ji shi. Maigidana, Baban Bitrus, ɗan Ibi ne, a bakin Binuwai aka haife shi, a cikin kwalekwale ya yi wayo. Aikin masaƙa ya kawo shi Kakuri, wai zai ɗan taɓa ya koma. Ya yi aure, ya haifi yara, ya yi furfura. Da masaƙa ta rufe aka sallame su, abokansa wasu suka sayi babur, wasu fili. Shi kuwa sai ga shi da injin jirgin ruwa a bayan a-kori-kura. Injin jirgi, jama'a, a Kamazo! Na ce, "Baban Bitrus, a kwatar gidan nan za ka tuƙa shi?" Ya ce in yi haƙuri, yara na gama makaranta za mu koma wurin ƙaninsa Ayuba, wanda ke sana'ar su a tafkin Lagdo cikin Kamaru. Ayuba na da jirgi, shi ga inji, shi ke nan.

Daga nan kowace Asabar da safe sai ya cika duro da ruwa, ya ɗaura injin a bakin duron, ya haɗa fetur da baƙin mai, ya ja igiya. Tut-tut-tut, hayaƙi ya cika tsakar gida, kaji su watse, maƙwabta su rufe taga. Shi kuma ya zauna a benci, hannunsa a kan totur, yana kallon katanga kamar akwai wani abu a bayanta. Bai taɓa murɗa totur ɗin nan ya wuce ɗan kaɗan ba. Ya ce a duro in ka murɗa, ruwa zai watse injin ya ƙone. Kuma ko a kogi ne, in ji shi, ƙure totur shi ke rage wa inji kwana. "Sannu ba ta hana zuwa," haka yake cewa. Ni kuma daga kicin in ƙarasa masa, "Sai dai a daɗe ba a je ba." Sai ya yi dariya.

Yara suka gama makaranta, sai hawan jini ya shigo, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye. Har a hakan, Asabar ba ta wucewa. Ni ke jan igiyar, shi ya ɗora hannun da ke aiki. Ana saura kwana kaɗan ya tafi, ya kira ni da sunana, abin da ba ya yi sai magana ta yi nauyi. Ya ce, "Rifkatu, ki kai wa Ayuba injin nan, ya ga ruwa. Amma ki ja masa kunne. Yaron nan hannunsa da zafi. Kada ya kashe mini shi."

Wasiyya biyu ke nan ya bar mini, in kai shi, kuma kada a kashe shi. Bitrus ya ce a sayar kawai, ga masu saye a Lakwaja. Na ce ya sake faɗa in ji. Bai sake ba. Da damina ta ja baya, ruwa na nan cike a kogi, na kama ƙanwata Asabe na ce ta raka ni. Ta ce ita ko gadar Kaduna take hayewa sai ta rufe ido. Na ce ai shi ke nan, ta rufe har Kamaru.

A tashar Kawo aka fara rigima. 'Yan kamasho suka ce a but ɗin mota za a sa shi, a ɗora buhunan masara a kai. Na ce sai dai a ɗora a kaina. Na saya masa kujera kamar mutum, na naɗe shi da tsohon bargon maigidana, na rufa masa zanin Zumunta, muka sa shi a tsakiyarmu. Wata tsohuwa da ta shigo daga baya ta leƙo ta ce, "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Asibitin Jos za ku kai shi?" Asabe ta yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba, don rabona da bargon nan tun asibiti.

Direbanmu kuwa kamar an ce masa ana rabon gado a Yola. Kafin mu kai Saminaka na gama duk addu'ar da na sani. Wani malami a gaba, mai injin niƙa a Numan, ya ce, "Direba, ka tausaya wa motar nan. Gudu shi ke cin inji." Direba ya ce, "Malam, motar da ba ta gudu ita ke kwana wurin bakanike." Na sa baki na ce maigidana ya yi aikin inji har ya tsufa, kuma maganar malam ita ce tasa. Mota ta rabu biyu, har da wanda ko keke bai taɓa mallaka ba yana ba da fatawa. Mun wuce Bauci kaɗan sai hayaƙi ya taso daga gaba. Na gyara zama na ce, "To, ga ta nan." Direba ya leƙa ya ce fambel ne ya tsinke, ba ruwansa da gudu. Malam ya ce gudun ne ya tsinka shi. Muka zauna gindin kuka muna cin gyaɗa, aka gyara, aka ci gaba da gudu da gardama, ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

A Jimeta masaukin baƙi na wata majami'a muka samu. Zafin garin nan, Allah ya sani, ban san da me mutanen suka yi wa rana laifi ba. Asabe ta jiƙa zani ta rufa, sauro suka bi ta ta ƙafa. Mai gadi ya ce a bar injin a baranda, zai kula. Na gode masa, na sa aka shigo da shi ɗaki. Da safe matar fasto ta kawo mana kunun gyaɗa mai kauri, irin wanda cokali ke tsayawa a ciki. Mu a Kaduna ashe ruwan gyaɗa muke sha muna godiya.

Daga Jimeta jirgin ruwa muka shiga zuwa Garwa, don lokacin ruwa ya fi hanyar mota sauƙi. Ƙaton jirgin katako ne mai rumfa, an cika shi da robobi da katan-katan da mutane a kan kaya. Asabe ta cika alkawari, ta rufe ido. Ni kuwa na lallaɓa har baya wurin matuƙi, wani dattijo mai jan goro a baki. Na lura hannunsa na tsakiya, bai ƙure ba. Na ce, "Baba, tsoron kada injin ya mutu ne ya sa ba ka ba shi wuta?" Ya ce, "Mama, ni mai nake ji. In na ƙure, zai sha mai kamar raƙumi, gudun da zai ƙaru kuwa bai taka kara ya karya ba." Na ce, "Amma ƙurewar tana rage masa kwana ko?" Ya tofar da goro a ruwa ya ce, "Ya danganta da mai injin." Na so in ji fiye da haka, amma ya juya ga kogi. Na zauna ina kallon ruwa yana wucewa, ja, mai faɗi, ina cewa a raina, wannan ne fa abin da mutumin nan ke gani a jikin katangarmu.

A kan iyaka aka tsaya bakin gaɓa, kowa ya fito da takardunsa. Wani dogon jandarma, ɗan sandan Kamaru, ya yaye zanin Zumunta da bargon, ya ga inji fes kamar yau aka fito da shi daga kwali. Ya yi ta zuba Faransanci, wani ɗan kasuwa yana juya mini. Wai sabo ne, sayarwa zan kai. Na zaro rasit daga cikin Littafi Mai Tsarki, inda maigidana ya ajiye shi. Ya duba shekarar, ya dubi injin, ya ce ƙarya ne, ina aka taɓa ganin tsohon inji da farfela ko ƙwarzane babu? Sai na ba shi labarin duro. Ya kira abokan aikinsa, aka sake juya musu, suka yi ta dariya, wai jirgin duro. Ɗaya ya ce ina mai injin? Na ce ya riga mu gidan gaskiya. Dogon ya cire hularsa, ya mayar da zanin da hannunsa ya rufe injin yadda ya same shi. Ya buga hatimi muka wuce.

Garwa kuwa sai wanda ya gani. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ba leda ba takarda, mutum ya soke shi a hammata ya hau babur. Asabe ta ce ko kyauta ba ta ci. Kafin mu bar garin ita ke neman ƙari. Kowa Fulatanci, har wanda ba Bafulatani ba. Muka shiga wata rumfa aka ce akwai kuskus, muka gyara zama za mu ci abincin Turawa, sai ga tuwon masara da miyar yakuwa. Na ce ashe tuwo ma in ya haye iyaka suna yake canzawa.

A nan Ayuba ya zo tarar mu. Ina zaune ina kallon titi, sai na hango wani yana tahowa, kafaɗa ɗaya ta ɗan sauka, yana jan ƙafa kamar ƙasa ba ta isa ya yi mata sauri ba. Tafiyar maigidana ce sak. Da ya matso ya ce, "Matar yaya, sannu da hanya," muryar ma ita ce. Na riƙe bencin da nake kai. Na yi niyyar in tsokane shi yadda muka saba, in ce mijina ƙarami ya tsufa, amma na fasa. Shi ma ya durƙusa gaban injin, ya ɗaga bargon, ya daɗe bai tashi ba.

Daga Garwa mota ta kai mu Lagdo, daga nan kwalekwale zuwa tungarsu. 'Yan Najeriya ne rututu, Jukunawa, Kabawa, mutanen Binuwai, kowa da bandarsa, hayaƙin kifi har cikin gashin kai. Matar Ayuba, Marta, 'yar can ce. Ta rungume ni ta manna mini kumatu hagu da dama, na tsaya ƙiƙam kamar an dasa ni, yara suna dariya. Kifi kuwa safe, rana, dare. Karfasar da muke lallaɓawa a Kaduna mu raba wa gida duka, a can yaro ɗaya ke cinye ta ya nemi ƙari.

Washegari na zagaya bayan ɗaki neman wurin shanya, sai na ci karo da su. Injuna biyu a jingine, sun yi tsatsa, kaza ta yi ƙwai a cikin murfin ɗaya. Na kira Ayuba na ce, "Waɗannan fa?" Ya sosa ƙeya. Ya ce na farko kullum a ƙure yake tafiya da shi, da kaya fiye da ƙima, don ya riga kowa kai kifi kasuwa, wata rana ya yi ƙara ya tsaya. Na biyu kuma leda ce ta toshe inda yake shan ruwa, shi kuma yana ta gudu bai waiga ya duba fitsarin ba. Fitsari suke kiran ɗan ruwan da inji ke tsartuwa ta baya, wanda ke nuna yana sanyaya kansa. Na ce, "Ayuba, maƙabarta ka buɗe a bayan ɗaki?" Na faɗa masa wasiyyar yayansa kalma da kalma. Na ce in haka ne, yadda na kawo shi haka zan koma da shi, ko duk Kamazo za su yi mini dariya. Ya ce, "Matar yaya, ki bari dai ya taɓa ruwa tukuna."

Da hantsi muka fita, ni da shi da Asabe, wadda ta ce ba za ta bari in nutse ni kaɗai ba. Ya ɗaura injin a bayan jirginsa, ya ja igiya. Tut-tut-tut. Wayyo Allah. Muryar Asabar ce, muryar tsakar gidana. Na ji kamar in na waiga zan ga benci. Hawaye suka zubo, ban share ba. Na ce, "Haka za ka bar shi, kada ka ƙara." Ya ce to.

Ba mu yi nisa ba injin ya fara tari, ya yi ta zubar da wani baƙin abu kamar kwalli, ya mutu. Ayuba ya kwance fulogi ya nuna mini, baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Ya goge ya mayar. Muka ɗan taɓa, ya sake mutuwa. Tungar ta koma ƙarama a bayanmu, jirgi yana ta lilo, Asabe ta fara waƙar jana'iza a hankali. Na ce ta rufe mana baki.

Ayuba ya ce, "Matar yaya, injin nan toka ce ta cika masa ƙirji. Shekara da shekaru yana rarrafe a duro, bai taɓa yin zafin da zai ƙone dattin cikinsa ba. Sai an buɗe shi ya yi gudu."

Na ce, "Ka buɗe shi ya bi 'yan'uwansa na bayan ɗaki?"

Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba. Gudu kullum yana cin inji, shaida na bayan ɗakina. Amma zaman ma yana ci. In mai ya haɗu daidai, kaya ba su yi yawa ba, fitsari na fita, an yi shi ne don ya yi gudu wani lokaci. Ko zai ɗauka yau, bayan wannan zaman, ban sani ba."

Na ce ban yarda ba. Yayansa ya fi shi sanin inji, kuma bai taɓa ƙure totur ba a rayuwarsa.

Sai Ayuba ya dube ni, ya yi wata irin dariya. Ya ce, "Yaya? Wa kike tsammani ya koya mini zafin hannu?" Ya ce lokacin suna samari a Ibi, yayansa ke tuƙa jirgin wani ɗan kasuwa, kuma duk bakin kogin ba wanda ke shan gabansa. A tsaye yake tuƙi, ba riga, totur a ƙure, yana waƙa, mata masu wanki suna zaginsa don igiyar ruwa ta kwashe musu sabulu. Babansu ya sha dukansa a kan haka. Ya ce, "Wancan injin na mutane ne, kuma ga kogi a gabansa kullum. Wannan kuwa nasa ne, guda ɗaya tak. Tsoro yake kada ya ƙare kafin ya dawo gida."

Na dubi injin. Mutumin da na zauna da shi har muka ga jikoki, wanda ko shayi sai ya huce yake sha, wai a tsaye, ba riga, yana waƙa. Ban taɓa ganin wannan mutumin ba. Kishi ya kama ni, na matan wankin nan da suka gan shi. Kewarsa ta taso mini, har da kewar wanda ban sani ba.

Na ce, "Goge fulogin." Ya goge. Na rarrafa zuwa baya, Asabe tana cewa, "Yaya, ina za ki? Yaya!" Ayuba ya ja igiya, ya ce shi zai riƙe kan jirgin. Na ɗora hannuna a kan totur. Robar ta yi sumul a wuri ɗaya, daidai inda tafin hannunsa ke zama kowace Asabar. Na ce a raina, ka ce kada Ayuba ya kashe maka shi, to ba Ayuba ba ne. Na murɗa.

Ya yi tari, ya shaƙe, ya yi kamar zai mutu. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe mu. Ayuba ya ce, "Kada ki saki! Ƙara!" Na murɗa har ya ƙi gaba. Sai na ji abu ya buɗe. Muryar ta haura, ta washe, ta zama wata ƙara mai daɗi da ban taɓa ji ba. Hancin jirgi ya ɗaga sama, ruwa ya tsage biyu, iska ta fizge mini ɗankwali ta tafi da shi. Asabe ta kwanta a cikin jirgi tana kiran Yesu. Ni kuwa, da ban taɓa kiran sunan mutumin nan a gaban jama'a ba tun ranar aurenmu, sai na ji bakina yana ihu, "Yohanna! Yohanna, ga shi nan!"

Ayuba yana waigen fitsari yana kuka yana dariya. Mun yi ta zagaya har hayaƙin ya koma fari siriri. Da na sassauta, injin ya zauna lafiya lau, ba tari.

Na bar shi a can. Na ja wa Ayuba kunne, ja na gaske, da hannu, a gaban matarsa. Ya yi alkawari zai riƙa bar masa sauran numfashi a ranakun aiki, kuma ba zai ɗora masa kayan jaki ba. Ko zai cika, Allah kaɗai ya sani, hali zanen dutse ne. Masu tambayata ko gudu na rage wa inji kwana, ni dai abin da na gani ke nan, na ga waɗanda gudu ya kashe, na kuma ga wanda zama ya kusa kashewa. Na san injin nan ba zai kai shekarun da ya yi a Kamazo ba. Wani lokaci abin yana damuna, in ce ko na ci amanar rabin wasiyya.

Dawowa ba labari, sai dai kujerar tsakiya da wani mai kaji ya zauna. Bargon na dawo da shi. Duron yana nan inda yake, Bitrus ya ce a yanka shi a yi murhu, na ce a bar shi. Asabar ta farko na tashi da wuri kamar yadda na saba, na tsaya tsakar gida ban san abin yi ba. Shirun ya yi yawa, har maƙwabciyata da ta fi kowa ƙorafin hayaƙi ta leƙo ta katanga ta ce layin ya zama wani iri.

Ina nan zaune a benci sai waya ta yi ƙara. Ayuba ne. Bai ko gaishe ni ba, ya ce, "Matar yaya, saurara." Ya kara wayar a jikin injin. Tut-tut-tut, a hankali, cikin ladabi, yadda yake ganin zan so.

Na saurara kaɗan. Na ce, "Ayuba, fitsari na fita?"

Ya ce, "Yana fita."

Na ce, "To wannan muryar duro ce, na ji ta ta ishe ni. Buɗe masa."